Tambaya da Amsa: Shin Nijar Za Ta Iya Koro 'Yan'uwanmu da Suka Nemi Mafaka a Maraɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin ƙasar Zurmi ne a Jihar Zamfara. A shekarar 2019, da 'yan bindiga suka tayar da garinmu, yayata ta tsallaka Maraɗi da 'ya'yanta, ni kuma na yo Gusau da iyalina. Ita an yi mata rajista, ni kuwa ba wanda ya rubuta sunana. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS, za a iya koro ta? Kuma me ya bambanta ni da ita, alhali bala'i ɗaya ya kore mu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Ka kwantar da hankalinka game da tambayar farko, domin kariyar da yayarka take da ita ba daga ECOWAS ta samo asali ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta shafi zirga-zirga da zama da kafa sana'a ne, kamar shiga ƙasa ba biza har tsawon kwana 90. Abin da ya tsare ta shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda sashenta na 33 ya haramta mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa ko 'yancinsa suke cikin haɗari, sai kuma Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 da aka ƙulla a Adis Ababa. Wannan ta biyun ita ce ta fi dacewa da halin mutanenmu, saboda ba ta neman sai mutum ya nuna cewa shi aka nufa da zalunci saboda addininsa ko ƙabilarsa; taɓarɓarewar zaman lafiya a wani yanki na ƙasarsa ta isa hujja. Nijar tana cikin yarjejeniyoyin biyu, tana kuma da dokarta ta 'yan gudun hijira ta 1997, kuma ficewarta daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta soke ko ɗaya ba. Ka dai ja kunnenta ta adana takardarta, ta sa a rubuta duk ɗan da aka haifa a can, kada kuma ta dawo sai da son ranta.

Tambayarka ta biyu ce ta fi sosa mini rai. A bakinmu ku duka 'yan gudun hijira ne, amma doka ta raba ku da iyakar ƙasa: wanda ya tsallaka, nauyinsa yana kan ƙasar da ta sauke shi tare da taimakon hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR), wanda bai tsallaka ba kuwa yana wuyan gwamnatinsa. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 a shekarar 2012, wadda ta ɗora mata kare waɗanda rikici ya raba da muhallinsu a cikin gida da ciyar da su da taimaka musu su koma, kuma hukumar da Nijeriya ta kafa domin 'yan gudun hijira a 1989 yanzu aikinta ya haɗa da irinku. A ganina babu adalci a ce baƙo a Gidan Rumji da ke yankin Maraɗi yana da suna a littafi, ɗan ƙasa a Gusau kuwa yana kwana a kango ba a san da shi ba.

Shawarata, ku haɗa sunayenku ta hannun mai garinku, da adadin mata da yara, ku kai wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimi a hannunku.