Tambaya da Amsa: Na sabunta Ubuntu, fakitina ya ƙi haɗuwa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ne ke kula da ɗakin kwamfuta a wata lakwal mai zaman kanta nan Damagaram. Akwai ɗan shirin lissafin makin yara da na rubuta da harshen kwamfuta na Python, nakan ƙulle shi a fakitin girkawa na .deb in zuba a kile in bi injinan ɗaya bayan ɗaya. To na sabunta babbar manhajar injin, na tashi daga Ubuntu 22.04 na hau 24.04, tun ranar abin ya ƙi haɗuwa, kullum sai ya jefo mini No module named 'distutils'. Wani abokina ya ce in cire sabon Python in mayar da tsohon kawai. In yi haka ne? Jarrabawa ta matso.
Daga mai karatu, unguwar Birni

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka taɓa Python ɗin da ya zo da injin, abokinka nufinsa alheri ne amma shawarar za ta kai ka ta baro, domin kayan Ubuntu da yawa kansa suke tsaye, kana sauya shi sai ka ga mai sabunta manhaja ya daina buɗewa, wani lokacin har taminal ma, wato tagar rubuta umarni, ga jarrabawa a ƙofa.

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Ubuntu 22.04 na tafe da Python 3.10, ita kuwa 24.04 da 3.12, kuma a 3.12 ɗin da ya fito Oktoban 2023 aka fidda distutils, wato kayan haɗa fakiti da ke zuwa cikin Python, gaba ɗaya. Ba kwatsam masu Python suka yi ba kuma, tun 3.10 suke gargaɗi, rubutun nan da ke wucewa a allo lokacin haɗawa wanda ba mai karantawa in dai aiki ya tafi. Gyaran naka gajere ne: buɗe setup.py, inda ka rubuta from distutils.core import setup ka mai da shi from setuptools import setup (setuptools shi ne ya maye gurbin distutils), sannan ka shiga debian/control ka ƙara python3-setuptools a layin Build-Depends, inda ake jera kayan da haɗa fakitin ke buƙata. Layin nan na biyu shi mutane ke mantawa, sai abu ya haɗu a injinka don akwai setuptools a ciki, a injin wani ya faɗi.

Kuma ba Python kaɗai ke wannan hali ba. GCC 14, mai haɗa shirye-shiryen harshen C, ya mai da wasu tsofaffin gargaɗi kuskure mai tsai da aiki, CMake 4.0, wani kayan tsara haɗi, a Maris 2025 ya daina karɓar fayil ɗin da ke neman sigar ƙasa da 3.5, har sai ka gyara layin cmake_minimum_required ko ka lallaɓa shi da -DCMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5. Su kansu masu setuptools a Yulin 2024 sun cire umarnin test a siga ta 72, fakiti da yawa suka zube, suka mayar da shi cikin gaggawa. Ni dai a ganina wannan karon laifin nasu ne, amma batun distutils naka ne Malam, shekara biyu suna kira.

Mutanen Debian, tsarin da aka gina Ubuntu a kansa, abin da suke yi shi ne, kafin sabon kayan haɗi ya shiga, sukan sake haɗa fakitoci da shi a gefe, wanda ya faɗi a rubuta masa rahoton FTBFS, wato rahoton fakiti ya ƙi haɗuwa, a aika wa mai kula da shi. Kai ma nan gaba yi ƙaramin irinsa: girka pbuilder ko sbuild, su za su gina maka tsabtataccen ɗaki na sigar da kake shirin hawa, ka haɗa fakitinka ciki tun injinan lakwal suna kan tsohuwa. Na san forfe tsada ne kuma rezo sai a hankali, ga kuran da kan ɗauke ana tsakiyar saukewa, to sa apt-cacher-ng a inji guda, abin da aka sauke sau ɗaya sauran su ɗiba daga wurinsa. Ka fara gwada sabon .deb ɗin a inji ɗaya da makin aji guda kafin ka zagaya da kile.