Esi ya daina sanyi kuma yana wari: gas ne ko datti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗakin taro a Kano, esin wurin irin wanda iskarsa ke bi ta bututai a cikin silin ne. Tun bayan hunturu sanyi ya ragu, kuma da an kunna sai wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma ya cika wurin. Makanike ya ce a ƙara gas, wani kamfani kuma ya ce sai an wanke bututan gaba ɗaya, da kuɗi masu yawa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya ko ɗayansu tukuna.

Gas ɗin esi ba irin na girki ba ne da ke ƙarewa. Ko wane iri ne, R22 ko R410A ko R32, zagayawa yake yi a rufaffen bututun jan ƙarfe shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, sai an shafa ruwan sabulu a mahaɗun bututun an ga inda kumfa ke tashi, a toshe, sannan a ƙara. Abin yana ci min rai in ga an ɗura wa mutum gas ba a ko ɗora ma'auni ba, bayan wata biyu a dawo a sake karɓar kuɗinsa. Kuma ƙarancin gas ba ya kawo wari.

Abin da na fi zargi shi ne ƙurar hunturu. Mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke kwaso ta, laushinta kamar garin fulawa. Filta ta tare wani abu, sauran ya wuce ya manne a koyil ɗin ciki, wato naɗaɗɗen bututun da gas ke bi yana sanyaya iska, wanda kullum a jiƙe yake da raɓar da yake tatsowa daga iska. Ƙura da ruwa sai laka. Lakar ta toshe tsakanin siraran faranta na alminiyum da ke jikin koyil ɗin, iska ta kasa ratsawa, sanyi ya ragu, wani lokaci har ƙanƙara ta daskare a kai, a ce gas ne. Warin kuma na fumfuna ne, a koyil da tiren da ruwa ke taruwa. A duba bakin bututun da ke fitar da ruwan waje: sau da yawa na tarar zanzaro ya yi gini a ciki, ruwa ya kwanta a tire har ya yi yauƙi.

Wanki na gaskiya ba goge fuska da burushi ba ne. Za a kashe wuta, a rufe sashen lantarki da leda, a fesa wa koyil sinadarin wanke shi, a bari ya jiƙa, a ɗauraye. Tsaya ka gani da idonka: ruwan farko zai fito kamar kunun kanwa, kada a tsaya sai ya fito garau. A wanke fanka da tire, a busa bututun ruwa. Injin waje ma a wanke shi, amma a sassauta ƙarfin feshin, domin farantan nan da yatsa ma lanƙwashewa suke.

Sai batun bututan silin. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba a tabbatar da cewa wanke bututun iska haka kawai yana kare lafiya ba. Ta ba da shawarar a yi shi in an ga fumfuna ƙuru-ƙuru a ciki, ko ɓeraye da ƙwari sun tare, ko ƙura ta taru har tana fesowa ɗaki. Sa a cire ragar bakin bututu biyu ko uku, a haska da tocila, a ɗauki hoto da waya. In ɗan ɓurɓushin ƙura ne kwance, bar kuɗinka. In ka ga kashin ɓera ko baƙin tabo, to kamfanin nan yana da gaskiya, amma tambaye su kayan aikinsu. Ana toshe duk bakunan, a haɗa babban injin zuƙa, burushi mai juyawa yana kaɗe ƙurar injin yana janyewa. Wanda ya shiga da burushi babu injin zuƙa, ƙurar zai tayar wa baƙinka su shaƙa. In kuma akwai audugar gilashi, wadda ake shimfiɗawa don tare zafi, a cikin bututun ta jiƙe ta yi fumfuna, ba ta wankuwa, sai dai a sauya ta. Kada ka yarda a fesa turare a rufe wari.

Ni dai da koyil da tire zan fara, kuma ina kyautata zaton a nan maganar za ta ƙare. Daga nan a riƙa wanke filta duk mako biyu muddin ana ƙura, babban wanki kuma a ƙarshen Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama.