Mun ce masa kakarsa ta tafi Umra, sai ya ji gaskiya a bakin yara

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana uku. Na tsakiyan ne ya hana ni barci, ɗan shekara 7. Sunan kakansa na wajen uba ya ci, shi ya sa surukata Hajiya ba ta taɓa kama sunansa ba, "Maigida" take ce masa. A ɗakinta aka yaye shi, tun daga nan bai dawo nawa ba. Kullum da safe sai sun yi rigimar kuɗin cefane, ta ce ya bar ta da yunwa, shi kuma ya ce zai yi mata kishiya.

Wata biyu ke nan da Allah ya yi mata rasuwa. Ranar aka kwashe yaran zuwa gidan ƙanwata a Samaru, sai bayan sadakar bakwai suka dawo. Da ya tambaya, gwaggonsa ta ce Hajiya ta tafi Umra, ni ma na ce haka ne. Kin san Zariya da ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi. Duk wanda ya gifta sai ya fita tsakar gida da gudu, wai ga Hajiya nan da dabinonsa.

Makon jiya wani yaro a Islamiyya ya gaya masa an binne ta. Ya dawo ya tambaye ni, na rasa ta cewa, na ce ya je ya ci abinci. Yanzu fitsarin kwance ya dawo, kuma ko mayafi na ɗauka sai ya riƙe ni yana cewa, "Ke ma Umra za ki?" Babansu ya kulle ɗakin Hajiya, ya ce kada a ƙara tayar da zancen, yaro ne zai manta. Anti, yaya zan yi?

Uwar yara uku, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi.

Ba a kanki aka fara ba. Gidaje da yawa haka ake yi, a ce ta tafi unguwa, ko ta tafi Makka, kuma tausayi ne ke kawo hakan. Amma ki sake sauraron tambayarsa: "Ke ma Umra za ki?" Yaron nan ya riga ya gane. Abin da ya rage masa shi ne tsoro, don ya ga a gidanku mutum yana ɓacewa, manya kuma su faɗi abin da ba shi ba. Kada makon nan ya fita ba ku zaunar da shi ba.

Ki faɗi kalmar ƙarara: "Hajiya ta rasu. Ba za ta dawo gidan nan ba. Mun ce maka Umra ne don muna gudun kukanka, kuma ba mu kyauta ba." I, har da wannan na ƙarshe. Na san ba mu saba ba wa yaro haƙuri ba, amma da shi ne zai sake yarda da maganarki in kin ce kasuwa za ki. Kada ki ce barci take yi, sai ya koma tsoron kwanciya. Ki bayyana masa cewa tsufa ne da ciwo mai tsanani, kuma ajalinta ya zo, don kada duk zazzaɓin da ya kama ki ya zaci tafiya ce.

Akwai wani abu da iyaye kan manta. Yara masu shekarunsa kan ɗora wa kansu laifin abin da ba su da hannu a ciki. Wanda kullum ake ce wa ya bar matarsa da yunwa, me kike zato yake saƙawa in ya kwanta? Ko bai tambaya ba, ki ce masa wasa ne Hajiya take yi, babu abin da ya yi ko ya faɗa da ya jawo wannan. Zai maimaita tambaya ɗaya sau goma. Ki maimaita amsa ɗaya sau goma.

Fitsarin kwance kuwa, ba duka, ba gori, kuma ki tsawata wa 'yan uwansa kada wanda ya ce masa amalala. Yawanci yana tafiya in hankali ya kwanta. In ya ɗauki makonni, ko yana jin zafi wajen fitsari, ko ƙishirwa ta yi masa yawa, a kai shi asibiti.

Sai maigidanki. Ni ban ga taurin kai ba, na ga mutumin da ya rasa uwa kuma bai samu inda zai yi kuka ba. Ɗakin nan don kansa ya kulle shi. Ki same shi ku biyu, bayan ya ci abinci ya huta, ki fara da tambayarsa yadda yake ji. Ki tuna masa Manzon Allah (SAW) yana ɗan shekara 8 kakansa Abdulmuɗɗalib ya rasu. Kuma da ɗansa Ibrahim yake barin duniya ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. In bai saurare ki ba, ki nemi gwaggon yaran. Ita ta fara zancen Umra, ita ya kamata ta taya ki warware shi.

So samu ne, uban ya riƙe hannunsa wata Juma'a su je maƙabarta, in yaron ya yarda, ya nuna masa inda take, ya koya masa "Allahummagfir laha warhamha". A buɗe ɗakin, a ba shi carbinta ko dardumarta ya ajiye. Kuɗin cefanen nan da take binsa kuwa, ki riƙa ba shi ko naira hamsin ce duk Juma'a, ya miƙa sadaka da hannunsa, ladan ya kai wa matarsa.