Kuɗin da ɗana ke turowa daga Italiya yana shiga lissafin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo a nan Kumasi, ina sayar da atamfa a Kejetia. Ɗana ya daɗe a Italiya, duk wata yana turo mini kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Na ji a rediyo ana maganar kuɗin da ake aikowa Ghana daga waje, wai bayan an debe wanda ya fita. Wane kuɗi ake debewa? Kuma ɗan abin da yaron nan ke turowa har ya isa a sa shi a lissafin ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Ƙwarai kuwa yana shiga.

Babban Bankin Ghana yana riƙe da lissafin duk wata hada-hadar kuɗi tsakanin mazauna ƙasar nan da mutanen waje, kamar dai littafinki na shago, inda kike rubuta ciniki daban, bashi daban. Akwai shafin kaya irin su zinariya, koko da ɗanyen mai. Akwai na hidimomi, kamar kuɗin jirgi da inshora. Akwai na riba da kuɗin ruwa da albashi. Sai shafi na huɗu, wanda kika ji a rediyo: kuɗi ko kayan da suka ƙetare iyaka ba tare da wanda ya bayar yana jiran a biya shi da komai ba. Kuɗin cefanen da ɗanki ke turowa nan yake faɗawa, haka ma tallafin magani ko abinci da wata ƙasa ta ba gwamnati, da dabino da shinkafar da ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa ke rabawa da azumi.

Abin da ake debewa kuwa ba sai kin je nesa ba. Ɗan Nijar mai tallan agogo da carbi a unguwar Alabar a nan Kumasi, wanda ya shekara yana zaune tare da mu, in ya aika wa iyalinsa kuɗi a Tawa ko Dosso, wannan fita ce. Haka 'yan Burkina Faso da Togo da Najeriya da ke nema a nan. Haka kuɗin da Ghana ke biya a matsayinta na mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka. A misali, in dala 100 ta shigo, dala 15 ta fita, ragowar 85 ita ake sanarwa. A Ghana shigar ta fi fitar nesa ba kusa ba. A Saudiyya ko Amurka akasin haka ne, domin can ne baƙi ke aiki suna turawa gida.

Inda mutane ke rikicewa, har da wasu 'yan jarida, shi ne ɗaukar duk kuɗin da ya shigo daga waje a matsayin kyauta. Dala biliyan 3 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa Ghana a Mayun 2023 bashi ne, yana da shafinsa, kuma za a biya. Yafe bashin da aka yi mana a 2004 ƙarƙashin shirin HIPC na rage wa ƙasashe matalauta nauyin bashi kyauta ce, amma a shafin jari, wani shafi daban da huɗun nan, ake rubuta ta, kamar yadda ake yi da taimakon da aka ware don gini, irin wanda wata gidauniyar Turkiyya ta bayar aka gina Babban Masallacin Ƙasa na Kanda a Accra da aka buɗe a 2021. Kuɗin kujerar Makka sayen hidima ne. Ko kuɗin ɗanki ma kala biyu ne. Wanda ya ce ki ci, ki biya wa ƙannensa makaranta, kyauta ce. Wanda ya turo a saya masa fili ko a ɗora masa bulo da sunansa, a ƙa'ida jari ne ya zuba a ƙasar, ko da yake bankin da kuɗin ya biyo ta cikinsa ba kullum yake iya bambancewa ba. Sannan akwai ƙa'idar shekara guda: wanda ya je aikin 'yan watanni ya dawo, har yanzu mazaunin Ghana ne, abin da ya samu albashi ake kiransa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na damu da wannan shafi. Idan saƙo ya faɗo wayarki, sidi kike karɓa a wurin mai MoMo. Yuron da yaron ya biya a can, banki ko kamfanin da ya kawo kuɗin ne ke riƙe shi, a sayar wa masu shigo da shinkafa, fetur, magani, har da dilar atamfar da kike sarowa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Ghana mazauna waje sun aiko kusan dala biliyan 4.6 a 2023, Najeriya kaɗai ta fi mu a Afirka kudu da Sahara. Mu kuwa kusan kullum giɓi muke da shi a shafin hidimomi da na riba, saboda kamfanonin haƙar zinariya da na waya suna kwashe ribarsu zuwa gida, masu binmu bashi suna karɓar kuɗin ruwa. Kuɗin irin su ɗanki ne ke cike babban ɓangare na giɓin. Kin tuna 2022, da dala ta tashi daga kusan sidi 6 ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje? Masu ba da rance sun ja da baya, amma 'ya'ya ba su daina tura wa iyayensu ba. Tallafin ƙasashe kuma ba abin dogaro ba ne, mun gani a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi.

Duk da haka ba na jin daɗi in ji jami'i yana alfahari da adadin kamar shi ya nemo shi. Gumin samarinmu ne da suka rasa aiki a gida, wasu ta Agadez da Libiya suka bi, wasu ba su kai ba.

Ki kuma sani adadin bai cika ba. Kuɗin da ake damƙa wa matafiyi a ambulan, ko a ba direban motar Yamai, ko a biya wani ɗan kasuwa a can abokinsa ya biya a nan, yawancinsa ba ya shiga littafi, kuma a zangunanmu wannan hanya tana da ƙarfi ta ɓangaren shiga da na fita. Tsada ce ke kora mutane can. Aika dala 200 zuwa yankinmu na Afirka kudu da Sahara yakan ci kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Ki ce wa yaron kafin ya tura ya gwada kamfani biyu ko uku masu lasisi, ya duba kuɗin aikawa da kuma farashin canjin da za su ba ki, domin sau da yawa a canjin ake cin kuɗin.