Amsa ga ƙanenmu mai tambaya: za a iya jinkirta duba kwamfireso tunda injin yana aiki lafiya?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ka ce kana aiki a kan ƙaramin jirgin saman nan Caravan, takarda ta zo cewa a leƙa cikin injin a duba ɓangaren kwamfireso, amma injin yana tashi lafiya, zafinsa bai haura iyaka ba, matuƙa ba su kawo ƙorafi ba, shi kuma mai jirgin yana so a bari sai lokacin babban dubawa saboda akwai haya a gabansa. Kana tambaya ko akwai laifi idan an jira.

Da farko ka duba wace irin takarda ce a hannunka. Akwai wadda kamfanin da ya ƙera injin ke fitarwa, muna ce mata SB. Akwai kuma umarnin tilas da hukuma ke fitarwa, wanda muke kira AD. Injin Caravan PT6A ne, ƙirar Pratt & Whitney ta Kanada, saboda haka hukumar sufuri ta Kanada ce uwar ɗaki a kansa, FAA ta Amurka da EASA ta Turai kan bi baya da nasu. Tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kuwa ya ɗora wa ƙasar da ta yi wa jirgi rajista alhakin ganin an bi, wato NCAA a nan Najeriya, ANAC a Nijar. Idan AD ce, babu zancen jira. Ranar da wa'adinta ya cika ba a yi aikin ba, jirgin ya fita daga sahun masu cancantar tashi, ko da injinsa sabo ne fil. Mai jirgi ba shi da ikon ƙara awa guda, kai ma ba ka da shi, shugaban hanga, wato rumfar gyaran jirage, ma haka. Wanda yake son ƙarin lokaci ko wata hanyar daban sai ya rubuta wa hukuma ya jira amincewarta a rubuce. Idan kuma SB ce kaɗai, ka duba ko tana cikin tsarin gyaran da hukuma ta amince wa kamfaninku, domin in tana ciki ta zama wajibi a kanku.

Abu na biyu, wanda na ga ya rikita samari da yawa da suka fito daga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya da ilminsu mai kyau: ka tabbatar wane ɓangare takardar ke nufi. A PT6A akwai kwamfireso, wato fukafukan da ke zuƙo iska su matse ta, suna ɓangaren sanyi. Akwai kuma tabayin, wato faifan fukafukan da iska mai zafi ke turawa, da ke juya kwamfireson, wanda muke taƙaitawa da CT, shi yana cikin wuta, daidai bayan ɗakin ƙona mai. Sunayensu sun yi kama, aikin duba su kuwa daban ne. A 2014 FAA ta fitar da AD a kan PT6A-114 da 114A, irin injinan da ke kan Caravan, tana umarni da a riƙa duba fukafukan CT da boroskof, wato siririyar kyamarar da ake zurawa cikin inji, a kai a kai, bayan an samu lokuta da dama da suka karye injin ya rasa ƙarfi a sama. Na taɓa ganin yaro ya cire ragar mashigar iska, ya haska tocila, ya duba fukafukan gaba, ya dawo ya ce an gama, alhali takardar tana magana ne a kan wurin da ba a isa gare shi sai an cire bututun fesa mai an zura kyamara. Ba ka faɗi lambar taka takardar ba, don haka ka zauna ka karanta ta daga sama har ƙasa: wane samfuri ta shafa, wace lambar injin, wace lambar kaya, wa'adin da awa aka ƙidaya shi ko da yawan tashi da sauka ko da kwanan wata, kuma sau ɗaya ne ko maimaitawa. Inda aka ce duk wanda ya riga cika, to shi ne wa'adinka. Jirgin da ke gajerun tafiye-tafiye yakan cinye adadin tashi da saukarsa tun awanninsa ba su je ko'ina ba.

Yanzu ga inda na fi son ka tsaya, maganar "injin yana aiki lafiya". Wannan magana ita ce ta fi kowace yaudarar mutane a sana'armu, kuma masu faɗinta ba ƙarya suke yi ba. Agogunan gaban matuƙi suna nuna zafi, da saurin juyawa, da tok, wato ƙarfin da injin ke murɗa farfela da shi, da yawan man da ake sha. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke nuna ɓantarewa mai girman ƙwayar gero a gindin fiffike. Kwamfireson wannan injin yana juyawa kusan sau 37,500 a minti idan an buɗe masa wuta, wato sama da sau 600 a daƙiƙa ɗaya. Kowane fiffike ana jan sa waje da ƙarfin gaske, ga karkarwa da yake yi ba tsayawa. Wurin da tsakuwa ta ɗan cije shi, nan duk wahalar take taruwa. Daga nan tsaga take farawa, siririya kamar gashi, tana ci gaba kaɗan kaɗan a kowace tafiya, zafin injin bai motsa ba, ƙararsa ba ta sauya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da ta kai iyaka fiffiken ya tsinke, ba shi kaɗai zai tafi ba. Zai bi iska ya shiga jerin fukafukan mataki na biyu da na uku, ya ragargaza su, tarkacen ya wuce ta faifan ƙarshe na kwamfireson ya shiga ɓangaren wuta. Mai jirgi irin ATR ko King Air yana da injin na biyu da zai kai shi filin jirgi. Caravan injinsa ɗaya ne.

Bari in ba ka abin da ya faru a hannuna shekarun baya, a wani kamfani da ba sai na ambaci sunansa ba. Jirgin yana yawan sauka a filayen jar ƙasa marasa kwalta. Lokacin dubawa ya zo, ana ta matsa mana mu saki jirgin da safe. Na cire raga, na sa abokin aikina yana juya injin a hankali da hannu, ina bin fukafukan mataki na farko ɗaya bayan ɗaya. Duk suna da 'yar zaizayar da muka saba gani, sai guda ɗaya da na ga ɗan tabo a gefensa na gaba, ƙasa ƙasa kusa da gindi. Da ido kamar ba komai. Farce na sa, ya kama. Muka auna, muka buɗe littafin gyara, ya nuna cewa a wannan yankin na fiffike ba a yarda da irin wannan zurfin ba, kuma ba wurin da za a goge ba ne. Na ƙi sa hannu. An yi fushi da ni sosai, har aka kira wani daga waje ya sake dubawa, ya zo ya faɗi abin da na faɗa. Aka sauke injin aka tura shi wurin masu buɗewa, rahotonsu ya dawo cewa tsaga ta riga ta fara a daidai wurin. Injin nan kuwa har ranar da muka tsayar da shi babu matuƙin da ya rubuta masa laifi ko ɗaya. Har yau idan na tuna adadin kujerun da ke cikin jirgin nan jikina yakan yi sanyi.

Ka lura da abin da na ce game da yanki. Littafin gyara ya raba fiffike kashi kashi. Ɓantarewar da za a iya gogewa a sulɓe ta idan tana can sama kusa da baki, ita ce za ta sa a sauke injin idan tana kusa da gindi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kimar ido ba ta isa ba, sai an auna an gwada da adadin da littafi ya rubuta. Gogewar ma tana da ƙa'idarta: iya zurfin da aka yarda, iya yawan fukafukan da za a taɓa, da irin kayan da za a yi aikin da su. Kada ka bari wani ya ce maka "haka muke yi tun da".

Sai kuma abin da ya shafe mu mu da ke wannan yanki. Wa'adin da ke cikin takardun nan an tsara shi ne don duniya baki ɗaya, mu kuwa muna da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke Chadi ta watsa mana ita daga Maiduguri har Sakkwato. Ƙurar nan tana da kaifi, ga injin tamkar samfefa ce. Tana cin gefen fukafukai, tana rage musu tsawo, tazarar da ke tsakaninsu da bangon injin tana buɗewa, iska tana zillewa ta baya. Wannan lalacewar, saɓanin tsaga, tana bayyana a lissafin abin da agogunan injin ke nunawa idan kuna rubuta shi. In ka ga a tok iri ɗaya zafin cikin injin (ITT) yana hawa, shan mai yana hawa, saurin juyawar kwamfireso (Ng) ma yana hawa, ka zargi kwamfireso, ko datti ko zaizaya. In kuwa zafi da shan mai suna hawa amma Ng yana sauka, ka juya hankalinka ɓangaren wuta. Sai dai wannan ba ya yiwuwa in matuƙa ba sa cike takardar lissafin a kowace tafiya, kuma a nan ne na ga an fi sakaci. Sai watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, matuƙi ya tura wuta ya tarar zafin injin ya kai iyaka tun tok bai cika ba, sannan kowa ya fara tambayar me ya faru.

Wankin kwamfireso yana taimakawa ƙwarai, amma ka san iyakarsa. Yana cire datti da gishiri, shi ya sa masu aiki a Legas da Fatakwal ba sa wasa da shi, don gishirin teku yana haɗuwa da sinadarin da ke cikin mai ya cinye fukafukan ɓangaren wuta. Ba ya mayar da ƙarfen da ƙura ta riga ta cinye. Idan kun wanke yadda littafi ya ce, da ruwan da ya ce, kun busar, lissafi bai dawo ba, to ba datti ba ne. A leƙa.

Ranar da za ka yi aikin, ka bar injin ya huce sosai kafin ka zura boroskof, in ba haka ba za ka ƙona kan kyamarar. Ka zaɓi fiffike ɗaya da za ka gane a matsayin mafari, ka ƙidaya har ka dawo kansa, don kada ka duba rabi sau biyu ka tsallake rabi. Ka ɗauki hoton duk abin da ranka bai kwanta da shi ba, ka adana, domin dubawa ta gaba da shi za a gwada a ga ko abin yana girma. Kada ka kuskura ka yi alama da fensir a kan ƙarfen ɓangaren wuta, baƙin fensir yana shiga ƙarfe idan ya yi zafi ya raunana shi. Kafin ka mayar da raga ka ƙidaya kayan aikinka, ka tabbatar babu guntun wayar ɗauri ko zoben noti da ya faɗa ciki. Ba tsuntsu da tsakuwa kaɗai ke ɓata kwamfireso ba, hannunmu ma yana yi. In kuma ba ka da izinin wannan dubawar a lasisinka, ka tsaya kusa da mai shi ka koya, amma shi zai sa hannu.

Ka yi magana da matuƙanku ma, cikin ladabi. Caravan yana da ƙofar da ke karkatar da ƙura da tsakuwa daga mashigar iska. Wasu ba sa son buɗe ta a ƙasa saboda tana ɗan rage ƙarfi ta ƙara zafi, amma a filin jar ƙasa amfaninta ya fi wannan nesa ba kusa ba. Haka juya farfela baya don tsayawa: idan jirgi ya riga ya rage gudu, abin da farfelar ke yi shi ne ta tayar da tsakuwa ta tura ta gaba, injin ya zuƙe. Idan an ajiye jirgi kuma a toshe mashigar iska da marfinta, ko na awa biyu ne.

Game da mai jirgin, kada ka je masa da faɗa, shi ma lissafin kuɗi yake yi kuma yana da hakkin a yi masa bayani. Ka kai masa takardar, ka nuna masa layin da wa'adin yake, ka nuna masa awannin da suka rage a littafin injin. Ka faɗa masa dubawar nan ba ta cin kwanaki in ba a samu matsala ba, ana iya yin ta da daddare bayan tafiyar ƙarshe. Ka tuna masa cewa jirgin da ya tashi bayan wa'adin AD ya wuce, in wani abu ya faru, kamfanin inshora nan zai fara dubawa. Yawancinsu daga nan suke saukowa. In ya dage, ka kai maganar ga mai kula da inganci na kamfaninku a rubuce, ka riƙe kwafi, kada ka sa hannunka a kan aikin da ba ka yi ba ko ba ka gani da idonka ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka turo mana lambar takardar, da samfurin injin, da awanninsa da adadin tashi da saukarsa tun babban gyara na ƙarshe. In Allah ya yarda zan zauna da ita yau da yamma in nuna maka daidai inda wa'adinka ya faɗa da kuma ta wace ƙofa za ka shiga da kyamarar.