Hatimin jami'in ƙauye a takardar cinikin gona: me yake tabbatarwa?

Tambaya: Na sayi gona a wani ƙauye mai nisa da birni. Babu notari (masanin doka mai rubutawa da tabbatar da takardun yarjejeniya) a yankin, sai ni da mai sayarwa muka je wurin jami'in hukumar ƙauyen, muka sa hannu a gabansa, ya buga hatimi ya rubuta kwanan wata. Yanzu ƙanwar mai sayarwar ta taso ta ce gonar gado ce da ba a raba ba, tana da kaso a ciki. Ni kuwa ban kai takardar ofishin rajistar filaye ba tukuna. Shin hatimin nan bai isa ya tabbatar mini da gonar ba? In bai isa ba, mene ne amfaninsa?

Amsa: Malam, bai isa ba. Abin da jami'in ya shaida shi ne wane ɗan wane, wanda ya gani da idonsa kuma ya tabbatar da ko wane ne, ya sa hannu a wannan takarda a rana kaza. Bai ce gonar ta mai sayarwa ce ba, bai ce babu magada ko jingina a kanta ba, bai kuma ce iyakokin da aka rubuta daidai suke ba. Galibi ma doka ba ta ɗora masa binciken waɗannan ba, kuma ba shi da kundin da zai duba su.

Ka sake ɗauko takardar ka karanta 'yan layukan da ya rubuta a saman hatimin. Kusan ko'ina a duniya maganarsu ɗaya ce: an sa wannan hannu a gabana, mai shi ya nuna katin shaida mai lamba kaza, ga rana, ga lambar da na shigar a littafina. Da wuya ka ga kalmar mallaka a ciki. Aikin nasa kenan. Ya karɓi katin ya gwada hoton da fuskar, ya lura ko mutumin na cikin hayyacinsa kuma ba tilasta masa aka yi ba, ya ga alƙalami ya taɓa takarda. In mai sayarwa bai iya karatu ba, jami'in kirki zai sa a karanta masa abin da ke ciki kafin ya dangwala yatsa, ya kuma rubuta cewa an karanta.

Dalilin ba irin waɗannan jami'ai wannan iko a fili yake. Notari ƙwararren masanin doka ne, a birni yake zama inda aiki ke da yawa, kuma ba za a ce dattijo ya yi tafiyar yini guda don sa hannu ɗaya ba. Sai dai kowace ƙasa ta ja wa jami'in layin da ba zai tsallake ba, layin kuma ya bambanta ƙwarai.

A Jamus, sashe na 29 na dokar rajistar filaye ya ce ofishin rajista ba ya karɓar takarda sai wadda hukuma ta rubuta ko ta tabbatar da sa hannun da ke cikinta. A jihar Hesse akwai ƙananan kotunan gari waɗanda mutanen garin ke riƙewa, ana naɗa shugabansu na shekara 10, kuma hatiminsa karɓaɓɓe ne a ofishin rajista. In ana so a goge wani tsohon haƙƙi da aka rubuta a kan fili, yana iya tabbatar da sa hannun mai haƙƙin. Amma cinikin filin kansa dole a ƙulla shi a gaban notari, wanda zai karanta wa ɓangarorin biyu yarjejeniyar ya bayyana musu abin da suke shiga. A Faransa magajin gari yana tabbatar da sa hannun mazaunin garinsa da ya sani ko wanda ya zo da shaidu biyu sanannu, amma tun dokar 4 ga Janairun 1955 takardar da za a shigar a rajistar filaye sai ta kasance cikakkiyar takardar hukuma, irin wadda notari ke rubutawa. Hatimin magajin gari ba ya maye gurbinta.

Rasha ta ba shugabannin hukumomin ƙauyukan da babu notari ikon yin wasu ayyukansa a sashe na 37 na dokar notari ta 1993, ga mazauna yankinsu kaɗai. A 2019 aka rage ikon: aka hana su tabbatar da wasiyya da takardar wakilcin sayar da gida ko fili. Ni a ganina nan ne wurin da ya fi haɗari, don takardar wakilci guda tana iya raba tsohuwa da gidanta ba ta ma sani ba. Biyetnam kuwa ta saki hannu fiye da haka. Dokar gwamnati mai lamba 23 ta 2015 ta ba hukumar ƙaramin yanki ikon tabbatar da yarjejeniyar cinikin haƙƙin fili, amma ta fayyace cewa abin da ke cikin takardar alhakinsa na wuyan masu cinikin. Jami'in yana amsa tambaya ne a kan lokaci, wuri, hankalin masu sa hannu, yardarsu da sa hannunsu.

To kai abu na farko da za ka gano shi ne a wane layi ƙasarka take. Ka je ofishin rajista da kwafin takardar ka tambaye su kai tsaye ko suna karɓar hatimin wannan jami'i a kan cinikin gona. Yana yiwuwa su ce sai an sake rubuta ta a gaban notari, ko sai an haɗa da taswirar safiyo, ko sai wata hukuma ta amince da cinikin. Tun kana can ka nemi a duba maka sunan wa ke kan gonar. In sunan mahaifinsu marigayi ne, maganar ƙanwar tana da tushe, don mutum ba ya sayar da abin da ya fi nasa. A wasu dokokin cinikin zai tsaya a kan kason mai sayarwar kawai, a wasu kuma yana iya rushewa gaba ɗaya tunda ba a nemi yardar sauran magada ba. In ofishin yana da tsarin shigar da gargaɗi a kan fili mai rigima, ka shigar, kada a sayar wa wani a bayan idonka ya riga ka rajista. A ƙasashe da yawa wanda ya fara rajista da zuciya ɗaya shi ke gaba, ko da takardarka ta girmi tasa.

Akwai wani abu da nakan faɗa wa masu saye, ba don ɓata jami'an ba, don mafi yawansu mutanen kirki ne masu aiki da ɗan abin da ba ya kai ya kawo. Ƙarfin jami'in ƙauye shi ne ya san kowa. Rauninsa ma shi ne ya san kowa. Mai sayarwa maƙwabcinsa ne ko surukinsa, ya zo da takarda da sa hannun ɗan'uwansa da ke birni a kai, ya ce ai ka san hannun wane, buga mini kawai. Kunya ta hana shi ƙi. Daga ranar hatimin ya zama ƙarya, ko da sa hannun na gaske ne, don bai gani ba ya ce ya gani. Saboda haka in ƙanwar da sauran magada suka yarda a daidaita, kowannensu ya zo da ƙafarsa da katinsa. Wanda yake nesa ya sa hannu a gaban jami'i ko notarin inda yake. Kada kuma ka yarda wani ya ba ka shawarar a mayar da kwanan wata baya ko a ƙara suna a tsohuwar takarda. Abin da ke hannunka yanzu mai tsabta ne, gyara ɗaya da biro zai lalata shi.

Amfanin hatimin kuwa ba kaɗan ba ne. Mai sayarwa ba zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce bai san da takardar ba, ko wani ne ya kwaikwayi hannunsa. In an rubuta a ciki cewa ya karɓi kuɗi, ga hujjarka ta neman a mayar maka in ciniki ya rushe, kuma in ya rubuta cewa gonar tasa ce shi kaɗai, wannan furucin yana iya zame masa abin tuhuma. Ka koma wurin jami'in ka tabbata ya shigar da ku a littafinsa, lambar da ke littafin ta yi daidai da ta kan takardarka, ka nemi shaidar haka a rubuce. In da sauran kuɗin da ba ka biya ba, ka riƙe su har lauya mai aikin filaye ya ga takardar da sakamakon binciken rajista tare.