Dalilin da ya sa mutane ba sa barin Windows su koma Linux

Ka tambayi dalilin da ya sa masu amfani da kwamfuta ba sa komawa Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, alhali kyauta ne kuma kowa na iya duba yadda aka gina shi. A ganina, yawancin mutane ba su taɓa zaɓar Windows ba tun farko. Sun sayi kwamfuta ne suka tarar da shi a ciki, kuma wanda injinsa ke aiki lafiya ba ya ganin dalilin goge shi ya ɗora abin da bai sani ba, musamman da yake hakan na buƙatar kwashe fayiloli da shiga saitin da bai taɓa buɗewa ba.

Batun manhajoji ya fi wannan nauyi. Microsoft Office na aikin ofis da Photoshop na gyaran hoto ba su da sigar da aka yi wa Linux. Akwai LibreOffice da GIMP da ake amfani da su a madadinsu, kuma suna aiki sosai, amma takardar da aka tsara a Word kan sauya fasali idan aka buɗe ta da wata manhaja, ma'aikaci kuwa ba zai so rahotonsa ya isa gaban shugabansa a hargitse ba. Hatta birnin Munich na Jamus, bayan shekaru yana amfani da Linux a ofisoshinsa, ya yanke shawarar komawa Windows a 2017.

Yawan nau'o'in Linux ma, irin su Ubuntu da Fedora da Mint, yana rikita sabon shiga, domin kafin ya fara komai sai ya zaɓi ɗaya daga cikin abubuwan da bai san bambancinsu ba.